Yayana ya warke daga buguwar kai amma halinsa ya canza, shi kuma ya ce lafiyarsa ƙalau

Autar Hajiya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan asibiti ko wanda ya taɓa irin wannan jinyar. Yayana ne ya yi hatsari bara wajen ƙarshen damina, yana kan babur ɗinsa zai tafi shagonsa a kasuwar Kwari ta Kano da safe wani mai adaidaita sahu ya yanko masa, ya faɗi goshinsa ya daki kwalta kuma babu hular kwano a kansa. Ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba, aka yi hoton ƙwaƙwalwa aka ce jini ya ɗan taru ta gaba amma bai kai a yi aiki ba. Alhamdulillahi ya farfaɗo, yana tafiya da ƙafarsa yana magana yana cin abinci, in ka gan shi a masallaci ba za ka taɓa cewa wani abu ya same shi ba.

To amma wallahi mu na gida mun san da sauran magana. Yaya mutum ne da ko kalkuleta ba ya taɓawa, yadi nawa kuɗi nawa duk a ka yake yi, yanzu sai ya sayar da shadda ƙasa da yadda ya saro, ya ba da bashi ya manta wa ya ba, in kuɗi suka ƙi cika da yamma ya ce yaron shago ne ya sace, yaron da ya shekara da shekaru tare da shi ko allura bai taɓa ɗauka ba. A gida kuma abu kaɗan sai faɗa, ƙarar talabijin ko yara su yi guje-guje sai ya tashi kamar zai daki mutum, bayan minti biyar ka gan shi yana dariya yana tambayar me ya sa kowa ya ɓata rai. Rannan ƙawar Hajiyarmu ta zo dubiya a gaban kowa ya tambaye ta wai har yanzu mijinta bai biya bashin da ake bin sa ba, Hajiya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matarsa ta yi yaji sau ɗaya da ƙyar aka dawo da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne shi bai ga komai ba. In ka ce Yaya ka canza sai ya ce lafiyarsa ƙalau mu ne muke son mayar da shi mahaukaci don mu cinye masa shago. Ya ƙi komawa asibiti, ya ce likitan da kansa ya sallame shi. Yanzu ma so yake a ba shi makullin babur, kuma wai zai kwashi jari ya tafi Legas saro kaya shi kaɗai.

Gida ya rabu biyu, kawunmu ya ce jifa aka yi masa a kasuwa, wasu sun ce girman kai ne kawai ba ya son a ga gazawarsa. Shin da gaske mutum zai iya canzawa haka shi bai sani ba, ko dai ya sani yake ƙin faɗa? Kuma ta yaya za mu ɓullo masa?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa. Ni dai maganar kawunku kar ku yar da ita, kasuwa ba abin da ba a yi, mutum yana cikin samu a ce rana ɗaya komai ya juye ai da walakin. Ku samu malami na sunna ya yi masa ruƙiyya, a dage da azkar safe da yamma, a haɗa da habbatus sauda da zuma. Kuma dan Allah kar wani ya ce ku kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, da zarar an ji an kai mutum can shikenan sunan ya bi shi har 'ya'yansa, a Kano kin san yadda bakin mutane yake.

Mai Gashin Ƙashi ya rubuta:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Ni ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, gashin ƙashi nake yi, amma masu shanyewar ɓarin jiki da masu buguwar kai su ne rabin mutanen da nake gani, kuma labarin nan naki na ji shi daga bakin mata da iyaye ba adadi. Amsar tambayarki ta farko, e, mutum zai iya canzawa haka kuma shi bai sani ba, rashin sanin ma yana cikin raunin.

Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi shi ne mai tsara abu kafin a yi, shi ke hana mutum faɗin duk abin da ya zo bakinsa, shi ke danne fushi, kuma shi ne dai ke sa ido a kan mai shi ya ce masa kai nan fa ka yi kuskure. Ƙashin da ke ƙarƙashin wajen ta ciki ba sumul yake ba, yana da tudu da kwari, shi ya sa in kai ya bugu ƙwaƙwalwa ta girgiza ta gogu da shi, nan ne wurin da ya fi saurin jin ciwo. To kin ga abin da zai gaya masa ya samu matsala shi ne ya samu matsalar. Kamar mota ce da gejin manta ya lalace, allura tana nuna tanki cike, direba ba ƙarya yake ba in ya ce akwai mai, abin da yake gani ke nan.

Ba sabon abu ba ne a likitanci. Tun 1914 wani likitan Faransa Babinski ya yi bayanin marasa lafiyar da ɓarin jikinsu na hagu ya shanye amma suna ta cewa ba abin da ya same su. Kafin nan ma akwai Phineas Gage a Amurka, shugaban leburori ne a aikin titin jirgin ƙasa, a 1848 wani rodi ya shiga ta kuncinsa ya fita ta saman kansa, ya rayu yana tafiya yana magana amma mutumin kirki mai tsari ya koma mai zagi da rashin haƙuri har kamfanin suka ƙi mayar da shi aikinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da sai mai natsuwa, wato ana samun sauƙi in rayuwa ta samu tsari.

Masu wannan fannin suna raba sanin kai hawa uku. Akwai wanda zai iya faɗa da baki cewa e ina da mantuwa. Akwai wanda zai kama kansa a daidai lokacin da yake kuskuren. Sai na sama, wanda zai hango tun kafin ya fara cewa lissafin nan zai ba ni wahala bari in ɗauko biro. Yayanki ko hawa na farko bai taka ba tukuna. Kuma za ki lura in da ƙafa ce ta ƙi takuwa da tuni ya yarda, ciwon da ake gani da ido an fi saurin yarda da shi a kan na tunani da hali. Girman kai ma yana iya shiga ciki, magidanci mai shago a Kwari a ce ƙanwarsa ce za ta gaya masa bai iya lissafi ba, dole ya ji zafi, sau da yawa biyun a cakuɗe suke.

Don haka ku bar musu da shi. Taron dangi a zaunar da shi kowa ya karanto laifinsa ba ya haifar da komai sai ƙarin zargi. Abin da muke yi shi ne mu bar aikin ya nuna masa da kansa. Misali a ce Yaya ga cinikin jiya guda goma, nawa kake ganin za ka lissafa daidai da ka? Zai ce duka mana. A rubuta abin da ya faɗa, ya yi, sannan shi da hannunsa ya duba da kalkuleta. Kar wanda ya ce ka gani ko, a yi shiru kawai, gobe a sake da wani abu daban. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa ne zai riƙa yin wannan da shi, a keɓe, ba gaban yara ko kwastoma ba. A shago a buɗe littafi, duk bashi a rubuta a sa hannu, a ce sabon tsarin shago ne ya hau kan kowa har yaron, kar a ce don shi aka yi.

Fushin kuma ku lura da lokacinsa, yawanci za ki ga da yamma ne in ya gaji, ko wajen hayaniya, ko bai yi barci ba. Ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo tana saurin gajiya, Kwari kuwa daga safe har magariba ko mai lafiya ya ji a jikinsa. Ya riƙa yin rabin wuni. In ya fara hawa a rage ƙara a janye yara, ba a rarrashi ba a ramawa, sai ya sauko.

Babur da tafiya Legas da jari a'a, wannan ba wajen lallashi ba ne, a kai babur ɗin gidan wani. Buguwa ta biyu a kan ta farko ta fi muni. Kuma ko da wasa kar ya sha tiramol don ciwon kai, yana iya tayar da farfaɗiya, masu irin rauninsa kuwa da ma suna cikin haɗarinta.

Komawa asibiti ku bi ta abin da shi ya yarda yana damunsa, ciwon kai ne ko rashin barci, a ce shi za a je a duba. Amma lallai wani ya shiga da shi da takarda an rubuto abubuwan da suka faru, don in likita ya ce yaya jiki zai ce Alhamdulillahi da sauƙi, a rubuta masa farasitamol ku dawo.

Malam Ɗan Kurna, addu'a da azkar ba wanda ya hana, mu ma muna yi. Amma nan ga hatsari ga hoto ga jini a daidai wurin da ke kula da hali, ba sai an nemo wanda ya yi jifa ba. Abin da nake roƙo kar a kai shi inda za a ɗaure shi ko a dake shi ko a turnuƙe shi da hayaƙi da sunan fitar da aljani, kan da ya riga ya bugu ba ya son wannan.

Tsohon Ɗan Acaɓa ya rubuta:

Hmm. Malama ni na zauna a inda yayanki yake zaune yanzu. Acaɓa nake yi kafin gwamnati ta hana a farkon 2013, ana saura 'yan watanni a hana ɗin mota ta kwashe ni a titin Zariya. Abin da zan gaya miki wallahi tallahi a lokacin ni a raina gaskiyata nake faɗa, gani nake kowa ya haɗe min kai, matata da ƙannena da abokaina duk sun canza min sun raina ni don na kwanta ciwo. Ko sau ɗaya ban taɓa kawo cewa ni ne ba. In aka ce na yi zagi jiya sai in rantse ban yi ba don ni ban tuna ba, to wanda bai tuna ba me za ka sa ya tuba a kai.

Ni ba magana ce ta sa na gane ba. Wata rana na shigo gida da leda a hannu na sayo wa 'yata ƙaramar alawa, tana jin sallamata ta saki abin wasanta ta ruga bayan uwarta ta ƙanƙame zaninta tana leƙena ta gefe. Yarinyar da da in na dawo ita ke fara zuwa ta karɓi makulli. Na tsaya da ledar nan a tsakar gida, uwar ba ta ce komai ba ita ma idonta a ƙasa. Yaro ai ba ya shiga makirci.

To ga abin da nake so ki sani wanda ba wanda ya gaya wa mutanen gidanmu. Su murna suka yi da na fara ganewa, suka ce Alhamdulillahi ya dawo hankalinsa. Ni kuwa nan ne na shiga mafi munin lokaci a rayuwata, gara ma kwanciyar asibitin. Da ban sani ba ai ba abin da ya dame ni, cin abincina nake in yi barci. Da na gane sai komai ya faɗo min lokaci ɗaya, mutanen da na zaga, kuɗin da na ɓatar, sana'ar da ba zan koma ba, ga kunya, in na hango majalisarmu sai in canza layi. Na daina fita na daina wanka sai an matsa, abinci ba ɗanɗano, dare ya raba ina kallon silin ina tunanin da ma a titin nan aka gama.

Ɗan Kurna ka yi haƙuri, ni Dawanau ɗin aka kai ni, kuma ba kwantar da ni aka yi ba, ganin likita nake in karɓi magani in dawo gida kamar kowane asibiti, a layin nan har da 'yan boko da 'yan kasuwa da matan aure. Maganin bai yi aiki nan take ba sai da aka yi makonni har na so in watsar. Yau ina da teburin caji da sayar da kati, komai a littafi nake rubutawa har saƙon cefane, fushin bai tafi duka ba amma yanzu ina jin tahowarsa, kunnena ke fara ɗaukar zafi, sai in tashi in fita in yi alwala. Masu cewa an kai ni Dawanau sun faɗa sun gaji.

Autar Hajiya ta rubuta:

Innalillahi. Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, amma Baba Tsohon Ɗan Acaɓa maganarka ta tayar min da hankali don akwai abin da ban faɗa ba, ban ɗauka yana da alaƙa ba. Satin da ya wuce wani dillali da suka daɗe tare ya zo da rasit ya nuna masa ya biya shi kuɗin kaya sau biyu, ya dawo masa da rarar. Tun ranar Yaya ya yi sanyi, faɗan ma ya ragu, mu har muna cewa sauƙi ne ya samu. Bai fita kasuwa ba kwana biyun nan, yana ɗaki a kwance, kuma matarsa ta ce ya ce mata da ma bai tashi daga suman nan ba da kowa ya huta. Da baki dai har yanzu in ka tambaye shi cewa yake lafiyarsa ƙalau. Wannan ɗin shi ne abin da kake nufi? Mu jira mu gani ko yaya?

Mai Gashin Ƙashi ya rubuta:

A'a ƙanwata kar ku jira, wannan maganar ta sa komai ya koma baya, littafin bashi da gwajin lissafin da na faɗa duk ku ajiye su tukuna. A kai shi ganin likitan ƙwaƙwalwa cikin satin nan, gobe ma in zai yiwu, akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano ga kuma Dawanau, ku tafi da hoton da aka yi masa da takardar sallama, kuma a maimaita wa likita kalmar da ya faɗa wa matarsa yadda ya faɗe ta, kar a sassauta don kunya.

Kafin nan a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga gidan, kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki wuni guda. Wanda ya fi kusa da shi ya zauna ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaya. In ya ce e ba a fara masa da wa'azin wuta, ya san hukuncin, a saurare shi a kai shi asibiti a ranar. Masu rauni a gaban ƙwaƙwalwa suna aikata abu cikin gaggawa ba tare da dogon tunani ba, shi ya sa ba a wasa da irin wannan furucin a wajensu.

Ciwon damuwa bayan buguwar kai ba rashin tawakkali ba ne kuma ba abin mamaki ba ne. Wani bincike da aka yi a Seattle ta Amurka aka fitar a 2010 ya bi mutum 559 da aka kwantar saboda buguwar kai, kashi 53 cikin ɗari sun shiga ciwon damuwa mai tsanani a shekarar farko. Wani ɓangare daga raunin kansa ne, wani kuma daga abin da Baba ya kwatanta ne, ganin asarar. Likita ne zai bambance ko damuwa ce ko kuwa mutuwar zuciyar da raunin ke kawowa, inda mutum ba baƙin ciki yake ba kawai ba ya iya fara komai, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Kar a sayo masa maganin barci a kemis.

Sannan in kun ga ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai, ko barci ya yi yawa har tashinsa na wahala, ko jijjiga, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun yi nauyi, wannan sashen gaggawa ne kai tsaye a sake hoto.

Maman Biyu ta rubuta:

Duk an yi maganar Yaya ba wanda ya tambayi matarsa. Auta ita ce take kwana ɗaki ɗaya da shi, ita ake zagi ita ke tare yara, kuma na tabbata da ta yi yaji haƙuri kawai aka ba ta aka ce miji ne. Ku karanta mata abin da aka rubuta a nan ta san ba tsanarta ya yi ba, ku riƙa karɓarta ko wuni ɗaya a sati ta je gidansu ta huta ba sai ta yi yaji ba, kuma in ya kai hannu ko sau ɗaya ne a ɗauke ta da yaran tukuna, ciwo ne e amma ba a kanta za a gwada ba. Wani abu kuma, irin wannan fushin yana zuwa da furta saki, nawa mijin bayan hatsarinsa sai da ya furta yana hucewa ya ce shi bai san an yi ba. In hakan ta faru kar kawu ko maƙwabci ya yanke hukunci a zaure, ku karɓi takardar likita ku kai wa malamin da ya san fiƙihu ko alƙali. Gobe in za ku asibitin a tafi da ita, ta fi ku sanin abin da yake faɗa da daddare.